Hantar Jar Saniyar Yaya Buba

Haɗeja,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa lokacin da za ka buɗe takardar nan jirgi ya riga ya sauke ka lafiya, kai da akwatinka, ba abin da ya ɓata ko ya fashe. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a masauki, ya haɗa ka da abokan zama na kirki. Na sa innarka ta cusa takardar a ƙarƙashin ƙunshin busasshen kifi, don na san komai kana iya mantawa da shi a akwatin nan ban da kifi. In ta yi ƙarni ka yi haƙuri ka karanta haka nan.

Ka san yadda muke. Kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina gare ka, shi ya sa ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai mun yi hira kamar yadda nake yi da ƙannenka ba. Haka na tarar ana yi a rugarmu, zaman gari da aikin En'e ba su kankare mini shi ba. To amma takarda ba ta kallon mutum, zan iya faɗa mata abin da ba zan faɗa maka ido da ido ba.

Makon jiya ka ga na hau mota zuwa Kirikasamma, na dawo na ƙi cin tuwo. Ka tambayi innarka, ta ce ba ta sani ba, kuma gaskiya ta faɗa maka. Wajen baffanka Buba na je, yayana ciki ɗaya. Shekara goma sha shida ke nan ba abin da ke haɗa ni da shi sai gaisuwar jana'iza. Na je ne in roƙe shi gafara a kan laifin da na yi masa tun kana ɗan shekara biyar. Yadda muka ƙare zan gaya maka, amma sai ka fara sanin laifin, domin da irin karatun da za ka je yi na aikata shi.

Lokacin da aka zo rugarmu neman yaro ɗaya na makarantar boko, mu biyu ne maza a wajen Baba. Yaya Buba ya fi ni kai, wallahi ya fi ni, amma shi ne mai riƙe da sanda, sai aka ba da ni. Ya ɗauki kiwona ya haɗa da nasa bai taɓa yi mini gori ba. Da na gama aka tura ni ƙasar Jos koyon aikin malamin dabbobi. A can na fara leƙa madubin likita.

Ba na manta ranar. Malaminmu wani mutumin Pankshin ne, Kirista, mai haƙuri kamar me. Ya tsaga kunnen wani maraƙi, ya ɗiga jini a ɗan gilashi, ya shafe shi, ya ce in leƙa. Ni da na tashi cikin jinin yanka, na ɗauka jini jan ruwa ne kawai. Sai ga ƙwayoyi birjik, zagayayyu, ba iyaka, kamar an watsa gero a faifai. Ya ce mini duk jikin saniyar nan, daga gindin ƙaho har jela, da irin waɗannan ƙwayoyin halitta aka gina shi, kowace tana da rai, tana ci tana fitar da ƙazanta. Ya nuna mana na tsoka dogaye kamar zare, ya nuna mana na kitse a kumbure da mai. Ya ce ƙwayoyi iri ɗaya in suka jeru suna aiki ɗaya, su ne suke zama tsoka, ko jijiya, ko tantanin da ya shimfiɗe cikin hanji. Waɗannan kuma iri-iri in suka haɗu sai su ba ka gaɓa guda, hanta ko huhu ko ƙoda. Gaɓoɓin su haɗa hannu, wannan ta niƙa, wannan ta tace, wannan ta harba jini, sannan ka sami saniya tsaye tana tuƙa. Na fita daga ajin ina ta tasbihi. Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take yi, kuma ina yi maka murnar za ka ga fiye da abin da na gani.

Amma abin da na kwaso daga can ba tasbihi kaɗai ba ne, har da girman kai. Na dawo Haɗeja shekarar da aka sami mulkin kai, da gajeren wando da keke da madubin ofis a cikin akwatin katako, ina ji kamar ni aka ba ƙasar. Na je ruga na tara mutane na ce su zo su ga abin da ke cikin shanunsu. Yaya Buba ya durƙusa ya leƙa, ya rufe idon da bai kamata ya rufe ba, ya ce shi duhu kawai yake gani. Na yi dariya har da buga cinya. A gaban matarsa da surukansa na ce masa shekara talatin yana bin saniya amma bai san ko da me aka yi ta ba. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa ya tafi ɗaure maruƙa.

Ka san abin da ya tuna mini wannan? Kai ne, ranar Babbar Salla. An feɗe rago, innarka ta danna hantar da babban yatsa ta ce lafiyayya ce, kai kuma ka tsaya kana ɓaɓatu a kan ƙwayoyin halitta, har kana tambayarta ko yatsanta yana da ido. Ina zaure ina jin ka. Muryata na ji sak, har da irin dariyar, raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba da kai ba. Abba, yatsan innarka ya taɓa hanta fiye da yadda za ka taɓa nan da shekara goma. Abin da take ji da yatsa, laushi ko tauri, shi ne ainihin abin da madubi zai nuna maka, hanya ce kawai ta bambanta. In wanda bai yi boko ba ya faɗa maka wani abu game da dabba, ka tambaye shi yadda aka yi ya sani kafin ka buɗe haƙora.

To ga babban laifin. Baba, Allah ya jiƙansa, yana da doka ɗaya da bai yarda a taka ba. Akwai wata fadama gabas da rugarmu wadda kogi ke malalewa cikinta kowace damina. In ruwa ya fara janyewa, ciyawarta takan fito kore shar, shanu har kuka suke yi in sun hango ta. Baba ya ce ba saniyar da za ta sa baki a wurin sai ruwan kwance ya ƙafe ƙaf, ƙasa ta tsattsage. In an tambaye shi dalili sai ya ce wurin yana cin hanta, iyakar abin da zai ce ke nan. Bayan rasuwarsa Yaya Buba ya riƙe dokar yadda ya same ta.

Shekarar da nake ba ka labari damina ta ɗauke da wuri, tudu ya bushe, shanu suka fara ramewa, ga fadama tana kore a gabansu. Ni kuwa na riga na yanke a raina cewa abin da tsofaffi ke tsoro a wurin tsando ne, ƙudan da ke kawo sammore, su ne dai ba su san sunan abin ba suke cewa hanta. Kuma da hannuna aka sare kurmin bakin kogin aka yi feshi, tsando ya ƙare. Na je na sami Yaya na ce ya kora shanu fadama. Ya ce Baba ya hana. Na ce Baba bai taɓa leƙa madubi ba. Kwana uku ina zuwa ina yi masa naci, na ce yunwa za ta kashe masa dukiya saboda camfi, na ce in wani abu ya faru a wuyana. A rana ta uku ya dube ni ya ce, "Hamidu, kai aka kai karatu saboda mu. In ka ce a shiga, a shiga."

Wata biyu shanu suka yi ɓul-ɓul, nono ya yawaita, ni kuwa ina ta hura hanci. Can wajen tsakiyar rani sai abu ya juya. Suka fara zubewa alhali suna ci, gashinsu ya tashi, wasu zawo, wasu kuma ƙarƙashin haɓarsu ya kumbura ya yi lugui-lugui da ruwa. Yaya ya aiko na je da akwatina. Na ɗebi jinin saniya wajen goma na leƙa ɗaya bayan ɗaya, ina neman 'yar tsutsar sammore da ke wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jini. Babu ko ɗaya. Na ce masa jini tas yake, zafin rani ne, ya ƙara musu kanwa da dusa.

Yaya ya kama wata saniya ya janye fatar idonta ya nuna mini, fari fat kamar auduga. Ya danna bayan haƙarƙarinta na dama, ta gantsare. Ya ce mini shi dai yana ganin hanta ce. Na ce masa in hanta ce ai da na gani a madubi. Ka ji wautar? Jinin kunne na ɗiba, ina hanta ina kunne? Kuma ko a jinin nan akwai magana, don ya tsinke, ƙwayoyin sun yi ƙaranci sun koɗe, na gani da idona. Amma abu ɗaya na je nema, da ban same shi ba sai na rufe akwati. Da kashinsu na ɗiba na duba, da na ga ƙwan tsutsar hanta a ranar. An koya mana wannan a Jos, yana cikin littafina. Maganin kuwa yana cikin kabad ɗin ofishinmu, kwalabe a jere, ni ke riƙe da mabuɗin.

Don haka ka ji ni da kyau. Za su koya maka jiki daki-daki, wannan zangon ƙwayoyi, wancan zangon tsoka da ƙashi, wani malami na huhu, wani na hanji. Dole ce ta sa ake rarraba shi, don kai ba ya ɗaukarsa gaba ɗaya. Amma dabbar da za a kawo maka ba a rarrabe za ta zo ba. Kafin ka ɗauko gilashi ka zagaya ta, ka ga tafiyarta, ka buɗe ido da baki, ka dubi kashi, ka tambayi mai ita inda ta yi kiwo wata uku da suka wuce. In madubi ya ce ba komai alhali dabba tana mutuwa a gabanka, to ba inda ya kamata ka duba ba ne ka duba. Kuma kalmar nan "ban sani ba", ka koyi faɗinta tun kana ɗalibi, don in ka fara sa farar riga nauyi take yi a baki.

Kafin ruwan farko ya sauka, fiye da rabin garken ya tafi. Akwai wata jar saniya da muke kira Ta-Inna, jikar wadda mahaifiyarmu ta zo da ita gidan aure. Nonon uwarta muka sha ni da Yaya, kai ma ka sha nata. Ranar da ta kasa tashi, Yaya ya aiko a ce mini in zo da wuƙata, shi ba zai iya ba. Na yanka ta da safe, na feɗe, na zaro hantar. Hanta mai lafiya ka san ta, sumul, ja-ja baƙi-baƙi, yatsa yana nutsewa. Wannan ta yi tauri ta ƙanƙance, jikinta duk tabo. Da na tsaga sai wuƙa ta yi ƙaras, hanyoyin da ke kai ruwan maɗaciya sun yi kauri sun yi fari kamar karan dawa. Na matsa ɗaya, tsutsotsi suka fito, fala-fala kamar ganye, suna motsi.

A nan tsaye na ga duk abin da malamin nan na Pankshin ya koya mana. 'Yan mitsi-mitsin katantanwa na ruwan kwance su ke goyon tsutsar, ta fito ta manne a ciyawa, saniya ta haɗiye. Ta huda hanji ta shiga hanta tana ɓarnar ƙwayoyinta, jiki ya yi ta cike gurbin da tabo, tabo kuwa ba ya aikin hanta. Hanta ta gaza, jini ya tsinke, ruwa ya taru a haɓa, tsoka ta narke. Ciwon yana gaɓa ɗaya, amma ba inda bai kai ba. Baba bai san katantanwa ba, bai san ƙwayar halitta ba, amma ya san in ƙasa ta tsage wurin ya fi aminci. Shi ke da gaskiya tun farko.

Yanzu me kake tsammani na yi? Yaya Buba yana tsugune a gefen kan saniyar, ya dafa ƙahonta. Ni kuwa na ɗaga hantar ina yi wa mutane bayani. Wallahi bayani na yi, Abba, tiryan-tiryan kamar yadda na rubuta maka yanzu, har ina nuna musu tsutsar a bakin wuƙa. Na ce abin mamaki ne, na ce za a kawo magani gobe. Ban ce na yi kuskure ba, ban ce Yaya ka yafe mini ba, ko fuskarsa ban kalla ba. Na wanke hannu na hau keke. Washegari na aika da maganin aka ɗura wa sauran, suka tashi. Da kaka ta yi ya kwashe su ya koma wajen Kirikasamma bai yi mini sallama ba.

Na yi ta gaya wa kaina cewa mu ba ma irin wannan maganar, kunya ce, namiji ba ya zubar da hawaye gaban ɗan'uwansa, shi ma ba zai so in faɗa ba. Ƙarya nake yi wa kaina. Kunya daban, girman kai daban, na san bambancinsu sarai. Duk shekara sai in ce in an yi Salla zan je. Shekarun nan da na yi ina duba nama a kwata, ba hantar da zan tsaga ban tuna Yaya Buba ba, mahauta har tsegumi suke yi wai Malam Hamidu ya fi kowa tsanani a kan hanta. Lokacin farin nan da ya wuce na ji ya sake yin asara, na ce yanzu in na je zai ce dariya na zo yi. Da aka samu sauƙi, kuɗin mai suka shigo, na sayi babur, na ce in na je a kansa zai ce nuna masa arziki na zo yi. Kullum da dalilina.

Aikin da za ka shiga, sai ka kashe dabbar wani. Ba baki nake yi maka ba, duk wanda ya riƙe allura ya daɗe sai hakan ta same shi. Ranar da ta faru, ka ajiye wuƙa da bayani, ka dubi mai dabbar ka faɗa masa laifinka da bakinka a ranar, kafin ka wanke hannu. Ya zage ka ko ya yafe, wannan nasa ne.

Takardar ɗaukarka karatun likitan dabbobi ce ta tashe ni. Na ce ba zan tura ɗa ya koyi wannan aiki ba alhali ni ban wanke nawa ba. Na tafi a motar kasuwa, ban hau babur ɗin ba. Daga Kirikasamma na taka da ƙafa har rugar. Matarsa Dije ta gane ni tun daga nesa, ta kawo ruwa, ta ce ashe ina raye. Sannan ta rage murya ta ce in yi haƙuri da abin da zan gani, tun bara kansa ya fara rikicewa, wani lokaci ita ma sai ya tambaye ta 'yar gidan wa ce.

Na same shi a gindin tsamiya yana tufka igiya. Jikinsa garau, hannunsa bai manta tufka ba, numfashinsa lafiya, idonsa ja kamar na saurayi, don har fatar idon na kalla, hali ba ya barin mutum. Komai na jikinsa yana aiki, ƙwaƙwalwa ce kaɗai ta gaza. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo. Na ce ni ne Hamidu. Ya ce madalla, daga ina? Na ce daga Haɗeja, malamin dabbobi.

Sai fuskarsa ta washe. Ya ajiye igiyar ya ce, "Ai ina da ƙane mai irin aikinka a Haɗeja. Yana da wani madubi, har cikin jini yake gani. Duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi sanin saniya. Ni na yi masa kiwo ya je ya koyo."

Na ce, "Yaya, ni ne. Ni na sa ka shiga fadama, ni na kashe maka Ta-Inna. Ka yafe mini."

Ya dube ni da tausayi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba malam, me ka yi mini? Yau na fara ganinka. In ka koma ka gaida mini shi, ka ce ya riƙa leƙo mu, ko da yake na san aiki ya yi masa yawa."

Na zauna har la'asar ina riƙe masa bakin igiya yana tufka. Sau uku yana ba ni labarin ƙanen nasa, kowane karo kamar sabo. Na faɗi abin da na je faɗa, amma mutumin da na yi wa laifin ba ya nan balle ya ji. Ban sani ba ko ya yafe tun tuni, ko kuwa ciwon ne ya share masa, kuma ba wanda zai iya gaya mini sai ranar da muka tsaya gaban Allah. Abin yana ci mini rai, Abba, ban iya ɓoye maka ba. Ranar kasuwa mai zuwa zan koma, da wadda ke biye, in riƙa isar masa da gaisuwar ƙanensa.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci, kada ka ce karatu ya hana ka. Ka rubuto wa innarka ko layi biyu ne, ni zan karanta mata. Allah ya buɗa maka ƙirji, ya ba ka ilimi mai amfani, ya sa hannunka ya zama waraka ga dabbobin bayinsa. Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na mutane da na zuciyarka, ya dawo mana da kai lafiya. In ka yi sujada ka sa baffanka Buba a addu'a, ni ma ka roƙa mini gafara.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Hamidu.